Bakin Aro a Tsohon Gini

Laraba, 1 ga Oktoba

Yau jami'a ta fitar da rabon ɗakunan kwana, kuma an raba mu. Ni an jefa ni Tsohon Gini, hawa na ƙarshe. 'Yar'uwata Rediyo kuwa Sabon Gini, can bayan filin wasa.

Na yi ta sake duba wayar ko idona ne. Tunda aka haife mu ba mu taɓa kwana ɗaki dabam-dabam ba. Mu irin tagwayen nan ne da ko Baba sai ya tsaya ya ƙare mana kallo kafin ya san wadda zai yi wa faɗa. Kawu ne ya laƙaba mata Rediyo tun muna firamare, wai ba a kashe ta. Ni kuma Eriya: ina tsaye a gefe, ina kamo tasha, ba a jin komai daga wajena. A kasuwa ita ke ciniki. A makaranta ita ke ɗaga hannu. Ko asibiti aka kai ni, ita ke gaya wa likita inda ke min ciwo, kuma ba ta cika yin kuskure ba.

Baba dariya ya yi ta yi, wai kwamfuta ba ta san tagwaye ba. Umma ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "To ita wannan wa zai riƙa yi mata magana?" A gabana, kamar ba na wurin. Ban ji haushi ba, ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan.

Rediyo ta tono dokar. Ana iya musayar ɗaki har zuwa Juma'ar ƙarshe ta wannan wata, in an samu wadda ta yarda. Ta ce, "Bar min. Kafin ki gama kwance jaka na samo miki." Allah ya sa. Ba ni da wani buri a jami'ar nan da ya wuce wannan.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun iso. Baba ya fara sauke Rediyo saboda layin karɓar makulli ya yi tsawo a wajensu, sannan ya kawo ni. Ni kaɗai na shiga.

Tsohon Gini sunansa ya bi shi. Matakalar ta lotse a tsakiya saboda ƙafafun mutane, bangon kuma fenti ne a kan fenti. A bakin ƙofa akwai matar da ke kula da ginin, kowa Mama Mai Makulli yake ce mata. Tarin makullai ne a ƙugunta, kina jin ƙararsu tun kafin ki gan ta. Ta miƙo min nawa ta ce, "Ba risho a ɗaki, ba baƙo bayan magariba, ba a ba wani gado aro. Kin ji?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Baki gare ki?" Na ce akwai.

Ɗakin: gado mai hawa biyu guda biyu, loka huɗu, tebur mai ɗingishi an tokare ƙafarsa da tsohon littafi, fanka mai kuka, taga ɗaya da ke kallon igiyoyin shanya. Soket ɗaya ne ke aiki, shi ma da layi ake caji.

Mu huɗu ne, wai. Akwai Gwamna, shekararta ta ƙarshe ke nan kuma duk a ɗakin nan ta yi su. Gajeriya ce, amma in ta yi magana har ƙasa ana ji. Akwai 'Yar Auta, sabuwa kamar ni, ta zo da akwatuna kamar mai ƙaura, mamarta ta shimfiɗa mata gado suka rungume juna suna kuka har Gwamna ta ba su ruwa. Ta huɗun ban gan ta ba. Gwamna ta ce kar in sa rai, injiniya take karantawa, sunanta Fatalwa. Sai dai ki ga takalmi ya canja wuri.

Gadon sama na samu, a kan Gwamna. Da na kwanta na juya hagu in ce wa Rediyo ta ji kukan fankar nan, sai na ga bango.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Akwai famfo a banɗakin hawanmu, amma ado ne. Ruwa a ƙasa yake, sai an sauka da bokiti an hawo da shi. Kuma a nan ba mutum ke bin layi ba, bokiti ne. Ki ajiye naki a bayan na ƙarshe ki tafi sabgarki, duk wadda ta zo ɗiba ta tura na gaba. Wadda ta tsallake bokitin wata, gara ta zagi uwarta.

'Yar Auta ba ta sani ba ta tsallake. Na ja mata hannun riga muka koma baya.

Litinin, 6 ga Oktoba

Lacca ta farko. Ban ɓata ba, na bi bayan wasu masu irin littafina.

An sanar cewa jibi da yamma akwai taron 'yan hawanmu a ɗakin hutu. Al'adar ginin ce: kowace sabuwa ta miƙe ta gabatar da kanta, ta faɗi abu ɗaya da ya dame ta. Gaban mutum fiye da hamsin! Na kira Rediyo, ban ma gama bayani ba ta ce, "Wace riga za ki sa?" Na gane nufinta. Mun sha yi a sakandare, ba a taɓa kama mu ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Innalillahi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Mun haɗu a banɗakin laburare muka yi musayar riga da mayafi. Ta tafi Tsohon Gini a matsayina, ni na tafi ɗakinta na zauna. Kai, Sabon Gini duniya ne. Tayil har bango, mutum biyu a ɗaki, kowane ɗaki da banɗakinsa, ruwa na zuba kamar ba a san darajarsa ba. Na buɗe famfo na tsaya ina kallo kawai. Amma shiru kamar asibiti, kowace ƙofa a rufe. Abokiyar ɗakinta na kwance da abin sauraro a kunne, ta ɗago ta kalle ni ta mayar da kai. Har na fita ba ta san ba Rediyo ba ce.

Da muka sake haɗuwa na hango ta tana tafe tana dariya, na san an yi ɓarna. Cewa na yi ta faɗi suna da kwas ta zauna. Ina! Wai da ta miƙe ta ga mutane, sai bakin ya ƙi tsayawa. Ta yi musu bayanin hawa bene da bokiti, ta kwaikwayi famfon banɗaki yana tari ba ruwa, ta kwaikwayi tafiyar Mama Mai Makulli har da ƙarar makullan. Mutane har da faɗuwa daga kujera. Ashe a taron ne ake zaɓen wakiliyar hawa, wadda ke kai kukan mutane gaban Mama. Kafin ta zauna an ɗaga hannuwa.

Ni aka zaɓa. Ni, Eriya.

Ta ce, "Ki gode min mana, na fito da ke." Ta ce ai wata ɗaya ne, da an samu musaya shi ke nan, na bar musu gininsu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Tun safe ake buga mana ƙofa. Wannan ƙwan fitilarsu ya mutu, wannan an ɗauke mata silifa, wannan maƙwabciyarta na waya da saurayi da ƙarfi. Wata ta ce in ƙara yi mata tafiyar Mama. Na yi tsuru-tsuru ina gyaɗa kai. Na ji wata a baranda tana cewa, "Shugaba in tana nazari ba ta magana." Nazari!

Juma'a, 10 ga Oktoba

Gwamna ta kama ni.

Muna kicin ɗin ƙarshen baranda, inda aka yarda a kunna risho, tana soya ƙwai. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ku biyu ne ko?" Cokali ya faɗi daga hannuna. Ta ce wadda ta shigo ɗaki shekaranjiya ta tambaye ta inda makunnin fitila yake, ta nemi hawa gadona ta gefen da ba tsani, kuma ta kira ta 'yar'uwa. "Ke kuwa tunda kika zo Yaya kike ce min, shi ma sai na kasa kunne."

Na gaya mata komai. Ban san ina da maganar da ta kai haka ba. Ta yi dariya har ƙwan ya kusa ƙonewa, sannan ta ɗaure fuska. Ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba, amma in sani Mama ba 'yan hawa ba ce, idonta kamar na shaho. In ta gane an turo mata wata da sunan wata, mu biyun za mu rasa gado, musayar da muke nema ma ta sha ruwa. Kuma Asabar ta sama wakilai za su zauna da Mama.

Ta ce, "A ɗakin nan ana aron guga, ana aron gishiri. Ba a aron baki. Da naki za ki je."

Ta zuba min ƙwan da ya fi yawa. Ina ci ina jin kamar in yi kuka.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na ga Fatalwa! Bayanta dai, tana fita.

Talata, 14 ga Oktoba

Abin mamaki, aikin nan akwai ɓangaren da na iya. Mutane ba wai amsa suke so ba, so suke a saurare su, ni kuwa ai sana'ata ce. Mai kukan silifa ta zauna a gadon 'Yar Auta ta fara da silifa ta ƙare da kewar ƙanenta. Da za ta tafi ta ce hira da ni akwai daɗi. Ban ce komai ba fa in ban da "ayya" da "sannu".

Na zaga ɗakuna na ji ta bakin kowa. Duk inda aka fara, a ruwa ake ƙarewa. Akwai wata mai ciwon baya da 'yan ɗakinsu ke ɗebo mata. Akwai wadda ta zame a matakala da bokiti ta gurɗe ƙafa. Tankin da ke saman ginin lafiyarsa lau, an ce, injin da ke tura ruwan ne ya lalace tun bara aka ce za a gyara.

Rediyo na ta nema min mai musaya. Ta ce duk wadda ta ji Tsohon Gini sai ta ce Allah ya kiyaye. Na ji wani abu kamar haushi. Ginin namu ai ba haka ya lalace ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Gwaji muka yi. Gwamna ta ɗaura cokula a ƙugu ta zama Mama, 'Yar Auta ta zama sauran wakilai, ni na tsaya a gaban tebur mai ɗingishi. Rediyo ta tsara min jawabi ta waya, mai kyau, har da karin magana. Na haddace tsaf. Amma da Gwamna ta kaɗa cokula ta ce, "Ina jin ki, 'yata, ba ni da lokaci," sai komai ya gudu. 'Yar Auta ta yi dariya har ta faɗo daga gado. Muka sake. Muka sake. Maƙwabta suka leƙo, aka ja su suka zama wakilai su ma.

Ban taɓa yin dariya haka ba Rediyo ba ta wurin. Da na gane hakan sai na ji kamar na ci wani abu ban rage mata ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

An yi.

Ofishin Mama ƙarami ne, mu wakilai muka jeru a benci. Ta ƙasa ta yi magana, ta tsakiya ta yi, duk da tsari. Aka zo kaina. Na miƙe, gwiwoyina na kaɗawa, jawabin Rediyo ya tashi sama ko kalma ɗaya ban kamo ba. Mama na kallona.

Sai na ji bakina ya ce, "Mama, ruwa ba ya hawa bene. Mu ke hawa da shi."

Shi ke nan fa. Na ƙara da cewa akwai mai ciwon baya, akwai wadda ta gurɗe, in tana so ta zo ta gani.

Mama ta ce, "An ce min ke ce sarkin surutu." Na sunkuyar da kai. Ta miƙe, makullai suka yi kuka, ta ce mu je. Ta hau benen nan har ƙarshe, tana hutawa a kowane hawa. Ta buɗe famfon banɗaki ya yi mata tarin nan nasa. Ta shiga ta gaida mai gurɗe. Ta ce ta sha rubuta wa ofishin gyara, amma ranar Litinin da ƙafarta za ta je, kuma ni zan raka ta.

Na dawo ɗaki na kwanta rub da ciki. Gwamna ta tambayi yadda aka yi, na gaya mata. Ta ce, "Magana ɗaya? To ai ita ake nema."

Litinin, 20 ga Oktoba

Mun je. Na sake faɗa a gaban wani mai gilashi. Wannan karon gwiwa ɗaya ce kawai ta kaɗa.

Laraba, 22 ga Oktoba

RUWA!

Ina dawowa daga lacca na ji ihu tun daga ƙasa, na ɗauka gobara ce. Na hau da gudu. Famfon banɗakinmu ne ke zuba, da fari ja kamar shayi, daga baya ya washe. 'Yan mata sun cika baranda, ana kiɗa da bokitai, ana watsa wa juna ruwa. Mai gurɗe na rawa da ƙafa ɗaya. Suna ganina suka yi kaina, aka ɗaga ni sama ina ihu a sauke ni, aka juye min bokiti guda da littattafaina da komai. 'Yar Auta ta yi wanka har sau biyu don murna. Har Fatalwa ta fito, ashe doguwa ce mai wushirya, ta ce min sannu da ƙoƙari ta ɓace.

Na kira Rediyo ina haki. Ta yi murna, ta ce ai ta san jawabin zai yi aiki. Ban gaya mata ban yi shi ba. Sai ta ce in tsaya kar in kashe, ta yi ta ba ni labarin abin da ta ci, da malamin da ya yi tuntuɓe. Na tambaye ta wa take hira da shi a can. Ta ce, "Ke mana."

Asabar, 25 ga Oktoba

Asiri ya tonu, kuma ba abin da ya faru.

'Yar Auta ce ta hango mu tare a bakin kantin makaranta, ta saki burodi ta kurma ihu. Kafin la'asar duk hawan ya ji. Na shirya shan kunya. Suka cika mana ɗaki suna tambaya wacce ce ta yi tafiyar Mama, na ce ba ni ba ce. Aka yi ta shewa. Mai silifa ta ce ita dama ta yi mamakin yadda mutum zai ƙare maganarsa ta shekara a yini ɗaya. Na ce in suna so a sake zaɓe. Gwamna ta ce, "Waccan ta ba mu dariya, wannan ta ba mu ruwa. Wa ke son sake zaɓe?" Ba wadda ta ɗaga hannu. An yi alkawari maganar ba za ta sauka ƙasa wajen Mama ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Rediyo ta samo mai musaya. Abokiyar ɗakinta ce da kanta, mai abin kunne. Ta ji an gyara ruwa, kuma Tsohon Gini ya fi kusa da sashensu. Ina jin ma surutun ne ya ishe ta. Ranar Juma'a za mu je gaban Mama mu uku.

Rediyo na ta tsalle a waya, har ta fara tsara inda zan sa akwatina. Na ce alhamdulillahi. Abin da nake roƙo ke nan tun farkon wata. To me ya sa na kasa cin abinci?

Talata, 28 ga Oktoba

Na gaya wa 'yan ɗaki. 'Yar Auta ta fashe da kuka, ta ce wa zai riƙa ja mata riga. Gwamna ta ce jini ya fi ruwa kauri, Allah ya sa alheri, ta ci gaba da gugarta. Ta goge riga ɗaya har ta kusa ƙona ta.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na haɗa kaya. Na kwance. Na sake haɗawa.

Rediyo ba ta da kowa a can, na sani. Duk abin da na samu a duniya ita ta roƙo min. In na ce ba na zuwa, me na zama?

Juma'a, 31 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Muka shiga mu uku. Mama ta ɗago ta kalle ni, ta kalli Rediyo, ta cire gilashi ta goge ta mayar. Ta ce, "Au. Ashe biyu ne." Ta tambayi wacce ce ta ce ruwa ba ya hawa bene. Na ce ni ce. Ta ce, "Ita kuma wadda aka ce ta iya tafiyata?" Rediyo ta dubi ƙasa. Mama ta ce, "Ban tambaya ba, ban ji ba."

Ashe ƙa'idar musaya ita ce kowace mai gado ta faɗa da bakinta cewa ta yarda. Mai abin kunne ta ce ta yarda. Mama ta juyo kaina. Kafin in buɗe baki Rediyo ta ce, "Ta yarda, Mama, ai dama tun farko ita ce ta..." Mama ta ɗaga hannu. "Ba ke na tambaya ba."

Na kalli Rediyo. Tana min murmushi, tana ɗaga min gira in yi sauri.

Na ce, "Mama, ina so in zauna inda nake."

Mai abin kunne ta ce ita ko a jikinta, ta mayar da abinta kunne ta fita. Mama ta ce magana ta ƙare, mu je.

A waje Rediyo ta yi gaba ba ta jira ni ba. Na bi ta har gindin bishiyar da ke gefen filin wasa. Ta zauna, na zauna. Ba ta ce komai ba. Rediyo fa! Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Can ta ce, "Tun yaushe?" Na ce ban sani ba. Ta ce da na gaya mata, ba sai a gaban mutane ba. Na ce ta yi haƙuri, ban san yadda ake gaya mata abu ba, kullum kafin in haɗa maganar ta riga ta faɗa min ita.

Sai ta fara kuka. Ta ce ita a can in ta yi magana bango ke amsa mata, ta ɗauka ni ce ba zan iya zama ba ita ba. Na riƙe hannunta. Na ce ba guduwa na yi ba, ga ginina can ana hango shi. Na ce ta riƙa zuwa kullum, har magariba ƙofa a buɗe take, akwai mutum hamsin da ke neman wadda za ta yi musu tafiyar Mama. Ta yi dariya cikin hawaye ta ce ni muguwa ce. Ta share fuska da mayafina.

Na raka ta har ƙofar Sabon Gini. Na dawo na tarar 'Yar Auta ta riga ta kwance min jaka, wai ko da an yi musayar sai na sake haɗawa ta ƙara ganina. Gwamna kuwa ta bar min soket ba layina ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Rediyo ta zo da rana, da rigarta, da sunanta, ta gaida Mama a ƙofa. Har yanzu da ɗan sanyi tsakaninmu, amma ta hau gadona ta gefen tsani. Kafin a jima an cika ɗakin, aka ja ta kicin ta yi musu famfo mai tari. Daga nan ina jin muryarta da ta Gwamna suna musun wadda ta fi iya soya ƙwai.

Ta bar wayarta a gadona, sai ga kiran Umma. Na ɗauka. Ta tambayi makaranta, na fara ba ta labarin ruwan, da bokitan da ke bin layi, da yadda aka ɗaga ni sama, da Fatalwa mai wushirya, da 'Yar Auta da burodinta. Ba wani abu ba ne, labari ne kawai ya taru. Umma na ta dariya. Can ta ce, "To ya isa haka, Rediyo, kin cika min kunne. Ba ni Eriya in ji ko tana lafiya."

Na ce, "Umma, ai ni ce."

Sai na ji ta ja hanci, ta ce a hankali, "Ci gaba, 'yata. Ina jin ki."

Na ci gaba.